Takobin da ya zame daga kube: sakaci ne ko zaɓin mai tacewa?

Alhaji na Birni:
Assalamu alaikum. Daren jiya yaran gidana suka sake kunna kashi na biyu na fim ɗin nan na zobe (The Lord of the Rings), mai suna The Two Towers, wanda Peter Jackson ya ba da umarni kuma ya fito a watan Disamba na 2002, na zauna na kalla tare da su tun daga farko har ƙarshe. Na san maganar da zan faɗa ba za ta yi wa wasunku daɗi ba, amma ina nan a kanta: yabon da ake yi wa fim ɗin a kan ƙwarewa ya wuce kima, domin akwai sakaci a cikinsa wanda bai kamata ya wuce idon masu aikin ba. Ku koma wurin da Eomer, shugaban mahayan ƙasar Rohan, ya gama magana a fili da jarumi Aragorn da abokan tafiyarsa biyu, Legolas da Gimli, ya juya ya hau dokinsa. Yana zama bisa sirdi takobinsa ya zame daga kube ya yi ƙasa, shi kuwa ya ci gaba da magana kamar babu abin da ya faru. Sau uku na sa yaro ya mayar da wurin baya don in tabbatar ba idona ba ne. Tun ina saurayi nake hawan sallah a garin nan, kuma duk wanda ya taɓa rataya hamila ya san cewa kafin ƙafa ta shiga likkafa hannu yana kan bakin kube. Mahayin da takobinsa ya faɗi a gaban jama'a a ƙofar fada, za a daɗe ana ba da labarinsa a Damagaram. To, yaya za a nuna mini barden da ya kwana yana yaƙi, a ce bai san takobinsa ya rabu da shi ba?

Mai Kyamara na Zango:
Wa alaikumus salam, Baba Alhaji. Abin da kuka gani gaskiya ne, takobin ya faɗi, babu mai musun haka. Inda ban yarda da ku ba shi ne kalmar sakaci. Ba fim ɗaya aka ɗauka ba, guda uku aka ɗauka a lokaci guda a ƙasar Niyu Zilan, daga Oktoba 1999 zuwa Disamba 2000, kwana 274 na babbar ɗauka, kuma sau da yawa ƙungiyoyi daban-daban suna aiki a wurare masu nisa da juna a rana ɗaya. Idan aka gama, mai tacewa yana zaune ne da ɗauka da yawa na fitowa guda, sai ya zaɓi ɗaya. A wata dokin ya tsaya daidai amma fuskar jarumin ba ta da rai, a wata hasken rana ya sauya, a wata kuma komai ya yi kyau sai takobi ya zame a gefen allo. Na taɓa shiga irin wannan hali a ɗan ƙaramin fim da muka ɗauka bayan kasuwa. Wata uwa tana yi wa ɗanta faɗa, a ɗauka ta huɗu muryarta ta karye da gaske har masu kallonmu suka yi tsit, amma mayafinta ya koma kafaɗar hagu alhali a hoton da ya gabata yana ta dama. Na gani sarai, na kwana ina tunani, na bar ta huɗun. Wanda ya ga abu ya auna shi ya bar shi saboda wani dalili, ba a ce masa ya yi sakaci. Kuma ku sani cewa Michael Horton, wanda ya tace wannan fim, sunansa ya shiga cikin waɗanda aka tsayar takarar lambar Oska ta tacewa saboda wannan aikin.

Malama ta Garin Malam:
Ina gaishe ku duka. Ina ganin ana neman a zuba abubuwa daban-daban a kwarya ɗaya, kuma idan ba a rarrabe su ba za mu kwana muna magana kowa yana da gaskiya. Takobin haɗari ne na wurin ɗauka, kuma bayanin ƙanena mai kyamara ya shige ni. Amma akwai wasu guda biyu da wannan bayani ba zai wanke su ba.

Na farko shi ne hannuwan Pippin, ɗaya daga cikin gajerun mutane biyu masu kama da yara da Aragorn yake nema. Dodannin mugun boka Saruman sun kama shi da abokinsa Merry sun ɗaure musu hannu da igiya. A daren da mahayan Rohan suka far wa dodannin, an nuna Pippin kwance a ƙasa, doki ya ɗaga ƙafafu a kansa, shi kuma ya buɗe hannuwa biyu yana ihu, babu igiya ko alamarta. Can gaba, lokacin da Aragorn yake bin sawu yana karanta abin da ya faru a ƙasa, sai aka sake nuna daren, ga hannuwan a ɗaure, sai daga baya suka goga igiyar a kaifin makami ta yanke. Wannan ya taɓa labarin kansa, tun da yankewar igiyar ita ce shaidar da ta sa Aragorn ya gane yaran suna da rai. Akwai mutum a kowace ɗauka wanda aikinsa ke nan kawai, ya riƙe littafi ya rubuta wa ke ɗaure, wa ke riƙe da me, a wane hannu.

Na biyun ya fi damuna, watakila don ni malamar makaranta ce mai koyar da taswira. Legolas ya tsaya bisa dutse ya hango ƙurar dodannin, ya ce da Ingilishi sun juya arewa maso gabas, za su kai yaran Isengard, sansanin Saruman. Duk wanda ya buɗe taswirar da ke cikin littafin Tolkien da aka ɗauko fim ɗin daga cikinsa, wanda kashinsa na biyu ya fito tun 1954, zai ga cewa daga inda suke Isengard tana yamma da su, ba gabas ba. Kamar mutum ne ya tashi daga nan Damagaram ya ce zai je Maraɗi, sannan ya ce a bi hanyar Gure. Wannan kuskure ba iska ta kawo shi ba, ba doki ba ne ya yi gardama. Kalma ce guda, kuma masu fim suna sake naɗar murya a ɗaki bayan an gama ɗauka. A 2003 sun fitar da dogon zubi na fim ɗin, daga minti 179 ya koma 223, maganar tana nan yadda take. A kan wannan ina bayan Alhaji.

Ɗalibi daga Sabon Gari:
Ina neman izinin manya in sa baki. Ni a ganina darakta da gangan yake barin irin waɗannan abubuwa don fim ɗin ya yi kama da rayuwa. Hujjata ita ce wurin da Aragorn ya iske tarin gawarwakin da aka ƙone, ya zaci yaran suna ciki, ya shuri kwalkwalin ƙarfe ya durƙusa yana kururuwa. Viggo Mortensen, wanda ya fito a matsayin Aragorn, ya maimaita shurin sau da dama, a na ƙarshe ya karya yatsun ƙafa biyu, kuma kururuwar da muke ji ta zafin karaya ce. Jackson ya ɗauka wasa ne ya yi kyau, sai daga baya ya san abin da ya faru, kuma wannan ɗaukar ce ya sa a fim. Har ma na ji ana cewa sojojin da aka ƙirƙira a kwamfuta don yaƙin ganuwar Helm's Deep sun yi wayo har wasu suka tsorata suka gudu daga fagen fama. Fim ɗin da irin wannan ke faruwa a cikinsa, ai ba a auna shi da faɗuwar takobi.

Mai Kyamara na Zango:
Ƙanena, labarin yatsun gaskiya ne, amma ka ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Barin ɗaukar da ta fi ƙarfi daban, shuka kuskure da gangan daban. Ba wanda ya zauna ya tsara cewa takobin Eomer zai zame, kuma idan ka ce haka ka ba Baba Alhaji makamin da zai kayar da mu duka.

Maganar sojojin kwamfuta kuwa tana buƙatar gyara, domin an daɗe ana yaɗa ta a karkace. Manhajar sunanta Massive, Stephen Regelous ne ya ƙera ta don aikin Weta, kamfanin da ya yi dabarun hoton fim ɗin. Kowane soja a cikinta an ba shi ƴan ƙa'idoji: ya duba gabansa, in ya ga abokin gaba ya kai masa sara, in bai gani ba ya ci gaba da gudu har ya samu. A gwajin farko wasu suna fuskantar wajen fili, ba kowa a gabansu, sai suka yi ta gudu suna neman wanda za su yaƙa. Masu kallo suka ga kamar tsoro ne, alhali bin umarni ne. Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan yaƙi ma ba kwamfutar ba ce. An ɗauke shi a wani wurin fasa dutse kusa da birnin Welintan, fiye da wata 3, mafi yawansa da dare, ana zuba wa mutane ruwa daga inji cikin sanyi. Kirarin da rundunar dodanni dubu 10 ke yi kuwa, Jackson da kansa ya shiga filin wasan kurket a Welintan a 2002, lokacin hutun wasa tsakanin Niyu Zilan da Ingila, ya sa ƴan kallo kusan dubu 25 suka yi ta maimaita kalmomin ana naɗa. Mutanen da suka yi wannan wahala don sauti na ƴan daƙiƙu, Malama, da wuya in kira su masu sakaci, ko da na yarda cewa maganar gabas ta kuɓuce musu. Lambobin Oska 2 da fim ɗin ya ci, na tace sauti ne da na dabarun hoto.

Malama ta Garin Malam:
Ban ce ba su yi wahala ba, kuma yawan wahala a wani sashe ba ya goge kuskure a wani. Ɗalibin da ya cika shafi tara da kyau ya juya taswira a na goma, ina ba shi makinsa na tara, in ja jan biro a na goman.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai game da yadda muke ba da labarin yatsun nan da murna. A fitowar farkon fim, inda mutum uku suke gudu bisa tuddai suna bin sawun dodanni, Mortensen yana da karyayyun yatsu, Orlando Bloom, wanda ya fito a matsayin Legolas, ya ji ciwo a haƙarƙari bayan ya faɗo daga doki, shi kuma Brett Beattie, wanda yake tsayawa a madadin Gimli a hotunan nesa, gwiwarsa ta goce. Haka aka ɗauke su suna gudu. Mu masu kallo muna kiran wannan jarumta, kuma ban hana ba. Sai dai kwalkwalin ƙarfe na gaske da aka ajiye wa mutum ya yi ta shuri, a wurin da ake da masu ƙera kayan roba da ba a bambanta su da ƙarfe a hoto, shi ma kuskure ne, kuma ya fi na takobi nauyi domin jikin mutum ya taɓa. Ina jin tsoron yaranmu masu sha'awar fim su ɗauka cewa sai an ji ciwo wasa yake yin kyau.

Alhaji na Birni:
Madalla da wannan bayani, Malama, Allah ya ƙara basira. Ɗana mai kyamara, na karanta labarin mayafin nan naka sau biyu, kuma na fahimci cewa mai tacewa yana iya gani ya bari. Na janye kalmar sakaci a kan shi mai tacewar. Amma ban janye ta a kan wanda ya ɗaura wa Karl Urban, mai fitowa a matsayin Eomer, takobin ba. Kube idan ya yi wa takobi yawa, tun a hannu ake ji, kafin a kai ga doki; mu nan ɗan ƙyalle ko fata ake sakawa a bakinsa ya kama, kuma zagi ba ya barin ubangidansa ya hau sai ya girgiza ya ji bai motsa ba. Jikana ya gaya mini cewa da yawa daga mahayan Rohan mata ne aka manna musu gemu, saboda su ne suka zo da dawakinsu kuma suka fi iya hawa. Na yarda da haka tun kafin ya gama faɗa, don zaman da suke yi bisa sirdi zaman wanda ya saba ne, gwiwa a manne, linzami a sake. Wato akwai masu sanin doki a wurin, da an tambaye su. Abin da mayafi yake a wurin uwa mai faɗa ba shi ne abin da takobi yake a wurin barde ba: ita in mayafinta ya sauya kafaɗa tana nan uwa, shi kuwa in ya bar takobinsa a ƙasa ya yi sukuwa, da me zai isa Helm's Deep?

Mai Kyamara na Zango:
Wannan bambancin na karɓe shi, Baba Alhaji, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Saura guda ɗaya da nake so ku duba mini da idon mahayi. A wurin da kurayen yaƙin nan da dodanni suke hawa suka tare mutanen Rohan a hanya, Legolas ya kama doki yana cikin gudu ya juya ta gaban ƙirjinsa ya hau. Wannan hawan a kwamfuta aka ƙarasa shi, kuma kullum na kalla sai in ga kamar hannun da ya kama da shi da gefen da jikinsa ya bi ba su dace ba, amma na kasa faɗin dalili. In kun ba ni izini, ranar Juma'a bayan la'asar zan zo Birni da kwamfutata in rage saurin hoton, ku nuna mini a jikin dokinku inda hannu ya kamata ya kama.