Tsofaffin littattafan kimiyya masu hotuna: a ba yara ko a ajiye?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka taso da karanta littattafan kimiyya masu hotuna ce, irin waɗanda ake buɗe cikin mutum a zane, a nuna zuciya da huhu da hanji kowanne da launinsa. Har gobe idan aka ambaci sararin samaniya, shafin nan ne ke faɗo mini a rai, rana a gefe, duniyoyi tara sun jeru a bayanta. Sai dai tun 2006 ƙungiyar masana falaki ta duniya ta cire Fuluto daga jerin, suka koma takwas. Shin ya dace in ba 'ya'yana waɗannan littattafai, ko zan ɗora musu abin da malaminsu zai sha wahalar gyarawa?

Malamin firamare: Wa alaikumus salam. Malam, batun Fuluto ai mai sauƙi ne, jimla ɗaya ta isa a gyara shi. Abin da ya fi ba mu wahala a aji shi ne taswirar harshe, wadda ke nuna wai ana jin zaƙi a gaba, ɗaci a can baya. Wannan ba gaskiya ba ne, domin duk sashen harshe da ke jin ɗanɗano yana jin kowane iri, amma da yake zanen yana da kyau, yaro ya fi yarda da shi a kan bakin malaminsa. Haka ma dinoso, dabbobin nan da suka ƙare tun zamanin da, da aka zana da fatar ƙadangare suna jan wutsiya a ƙasa, alhali tun 1996 aka tono burbushin wani mai gashi irin na tsuntsu a ƙasar Sin.

Uwar yara uku: Ni kam ba zan bari a kushe su ba. Zane irin nasu ne a wani katun ɗin talabijin na Faransa da ya fito a 1987, wanda aka mai da jajayen ƙwayoyin jini ƙananan mutane goye da kumfar iskar oksijin, farare kuma 'yan sanda masu farautar ƙwayoyin cuta, shi ya fara sa ni son ilimin halittu. Ranar da aka koya mana cewa jar ƙwaya tana rayuwa kimanin kwana 120, sai na ji kamar labarin wani da na sani ake ba ni. Ɗan'uwa, ka ba su, amma ka zauna tare da su.

Ma'aikacin jinya: Hajiya ta yi gaskiya, sai dai zaman nan ya zama dole. Ina haɗuwa da manya masu rantsuwa cewa jinin da ke komawa zuciya shuɗi ne, saboda haka aka zana jijiyoyinsa a littafi, alhali ja ne mai duhu. Malam, idan kun zo wannan shafin, ka gaya musu mai zane ne ya zaɓi launin don a bambance jijiyoyin da ke mai da jini zuciya da masu fitar da shi daga gare ta.