Hedas a tsohuwar MGB: abin da aka tsayar a hirar Agege

Wani Alhaji a Agege ya sayi MGB, wata tsohuwar motar Ingila, ta 1972, yana so ya cire manifol ɗin salansa na asali, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga inji, ya ɗaura bututan hedas. Aka zauna a gareji ana ta kai-komo.

Yawancin bakanikai sun ce kada ya sa rai da yawa. Aikin hedas shi ne kowace kafar fitar hayaƙi ta injin ta sami bututunta, hayaƙi ya fita da sauri har ya jawo na bayansa. To, manifol ɗin MGB na kafin 1975 tun asali yana numfashi sosai, don haka ƙarin kaɗan ne, sai ƙara da ke ruɗin kunne. Inda ake ganin bambanci shi ne motocin MGB da aka kai Amurka daga 1975, masu kafireto (na'urar haɗa fetur da iska) ɗaya, ko injin da aka riga aka yi wa kan silindarsa gyara don ƙarin ƙarfi. Wani dattijo ya ce: "Ranka ya daɗe, in ba a sake saita kafireto ba, kuɗinka ka zubar."

Zafi ne aka fi daɗewa a kai, kuma ni ma nan na fi ba su gaskiya. Ƙarfen bututun hedas ba shi da kauri, yana dafa cikin bonet. A gosulon Gadar Third Mainland sai fetur ya tafasa, mota ta riƙa shaƙewa. Ga iskar teku mai cin ƙarfe, sai dai a nemi wanda ba ya tsatsa.

In Alhaji ya shiga Ladipo, kasuwar kayan mota, ya duba kaurin bakin hedas ɗin da ke manne wa inji da kuma walda. Tsohon manifol kuwa ya adana shi, mai sayen motar nan gaba zai tambaya.