Wace kalma za mu ba "locale" da Hausa?

Jama'a, kalma nake nema. Ina gyara fassarar shafin saiti na wata manhajar sayar da kaya a intanet, masu amfani da ita wasu suna Kano, wasu suna Maraɗi. Da na zo kan "locale" sai na cije. Wanda ya fara aikin kafin ni ya rubuta "harshe", kuma wannan "harshe" ɗin ne ya cinye mini kwana biyu.

Wani ɗan kasuwa ne ya kira daga Maraɗi, ransa a ɓace. Ya sayi kaya ran 4 ga Maris, rasit ya fito da 03/04, shi kuwa ya karanta 3 ga Afrilu, ranar da ba ta ma zo ba. Na ce, Alhaji shiga saiti ka canza harshe. Ya canza, rubutu ya koma Hausa tas, kwanan wata bai motsa ba. Ashe akwati biyu ne a shafin, dukansu an rubuta musu "harshe". Na sama shi ke juya kalmomi. Na ƙasa, wanda shi ne na "locale", yana nan a kan en-US, wato Turancin Amurka, su kuwa Amurkawa da wata suke farawa kafin rana.

To kun ga abin ya wuce harshe. Lambar da kwamfuta ke karantawa gida biyu ce: ha na nufin Hausa, abin da ya biyo baya kuma ƙasa ce. A kundin CLDR na Unicode, inda yawancin manhajoji ke ɗebo waɗannan bayanai, akwai ha-NG, akwai ha-NE, akwai ha-GH. Hausar ɗaya ce, amma a Najeriya naira, a Nijar sefa, a Gana sidi. A kundin ake tsara yadda za a jera rana da wata, da inda waƙafi ko ɗigo zai zauna a cikin adadi. Bafaranshe zai rubuta 1 500,50 inda mu a Najeriya muke rubuta 1,500.50. Masu saka lambar da hannu kuma a kula: NG Najeriya, NE Nijar. NI ta Nikaraguwa ce, na taɓa ganin wanda ya kai kwastomominsa can bai sani ba.

Na ga amsoshinku, Allah ya saka da alheri.

Ɗan'uwa da ka ce mu ari kalmar kawai mu ce "lokal", ai mun riga mun ara, kuma ta tafi wani aiki. Ka ce wa mutum wayarsa lokal ce ka ga yadda fuskarsa za ta canza. Ba zan rubuta wa Alhaji "zaɓi lokal ɗinka" ba.

Malam, "karin harshe" da ka kawo ta burge ni da farko. Amma masana sun riga sun ba ta aiki: Kananci, Sakkwatanci, Katsinanci, Damagaranci. Mutumin Katsina da na Maraɗi bakinsu ya yi kusa sosai, duk da haka kuɗinsu daban, takardunsu daban. Abin da muke nema kan iyakar ƙasa yake bi, ba kan iyakar baki ba.

"Yanki" ita kaɗai ta yi gajarta, za a ɗauka adireshi ake tambaya. "Tsarin gari" kuwa sai ka ce aikin ma'aikatar filaye.

Hajiya da kika ce sunan shagonki yana fitowa da Æ™ a maimakon ƙ, wannan wata cuta ce daban. An ajiye rubutun da tsarin ajiye haruffa na UTF-8, aka karanta shi da tsohon tsarin Windows-1252. Duk saitin da kika juya ba zai warke ba, sai mai manhajar ya gyara daga can.

Wadda ta zauna mini ita ce "salon yanki". Salo ya ɗauki yadda ake yin abu, yanki ya ɗauki wurin. Na gwada ta a baki kamar ina waya da kwastoma: "Alhaji, harshen ya yi daidai, duba salon yankinka, na Nijar ne ko na Amurka?" Ta fita sumul, kuma ba sai na yi dogon bayani ba. Ta kuma bar mana "harshe" a inda ya dace.

Na saka ta a akwatin ƙasa jiya da dare. Alhajin ya zaɓi Nijar, kwanan wata ya daidaita. Da safe ya sake kira, wai tunda manhajar ta san Nijar, me ya hana ta lissafa masa da dala kamar yadda ake yi a kasuwa, sefa 5 dala ɗaya? Na ce wannan babu shi a kundin, sai dai in rubuta masa da hannuna.