Banki ya nemi rahoton hayaƙin kamfaninmu: daga ina ake fara wannan lissafi?

Akantan Shinkafa, Gombe:

Assalamu alaikum. Ni ne nake riƙe da lissafin kuɗi a wani kamfanin casar shinkafa a cikin garin Gombe. Mun nemi rance domin ƙaro injina, sai bankin ya haɗo mana da takardar da ke neman adadin iskar da ke ɗumama yanayi wadda kamfaninmu yake fitarwa a shekara. Maigidanmu ya ɗora mini aikin, alhali ni naira da kwabo na saba ƙirgawa. Muna da manyan janareto biyu, da motocin ɗaukar kaya uku, da tukunyar turara shinkafa wadda muke hura wa wuta da buntu. Ina roƙon masu sani su nuna mini inda zan fara, domin ba na son in sa hannu a kan adadin da ba zan iya kare shi ba.

Injiniya Mai Ritaya, Bauchi:

Wa alaikumus salam. Malam, aikin bai yi nisa da sana'arka ba, domin hayaƙin ba a bakin bututu za ka auna shi ba, daga rasit za ka lissafa shi. Tsarin da manyan kamfanoni da yawa a duniya suke bi, wato GHG Protocol wanda ya fara fitowa a 2001, ya kasa hayaƙi gida uku. Na farko shi ne abin da kuka ƙona da kanku, kamar man gas na janareto da na motoci. Na biyu shi ne wutar lantarkin da kuka saya, wadda a Gombe da Bauchi kamfanin rarraba wuta na Jos yake kawowa. Na uku kuwa shi ne duk hayaƙin da ya tashi a wajen katangarku saboda kasuwancinku.

Ka tattara rasit na wata 12, ka fitar da jimillar lita. Kowace litar man gas tana fitar da kimanin kilo 2.7 na iskar kabon, ta fetur kuma kimanin kilo 2.3. Idan, alal misali, kuna shan lita 5,000 a wata, wato lita 60,000 a shekara, adadin zai kai wajen tan 160. Mutane sukan yi mamakin yadda litar da ba ta kai kilo ɗaya ba take haifar da kusan kilo uku, amma dalilin shi ne kabon ɗin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar shaƙa a lokacin ƙuna. Shi kuma buntu, tun da tsiro ne, ana rubuta kabon ɗinsa daban, ba a cakuɗa shi da na mai.

Malamar Gona, Dadin Kowa:

Baba Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina jin tsoron kada kaso na uku ya wuce a layi ɗaya, alhali a harkar shinkafa nan ne nauyin yake. Gonar da ruwa ya kwanta a cikinta na makonni takan rasa iska a ƙasa, sai ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ciyawa da kara su riƙa fitar da iskar mitan, wadda ƙarfinta na riƙe zafi ya ninka na kabon kusan sau 28 a lissafin shekara ɗari. Takin yuriya kuma, idan ya yi yawa, yana fitar da wata iskar da ta ninka kabon fiye da sau 260. Saboda haka buhun shanshera da ya iso ƙofar kamfaninku ya riga ya zo da nasa kason tun daga fadama.

Abin da yake damuna shi ne kamfani ya kafa faranti goma na sola a rufin ofis, ya cika rahoto da hotunansu, ya yi shiru a kan gonakin da yake saye daga gare su. A nan wajenmu, inda ake noman rani da ruwan madatsa, akwai dabarar barin gona ta ɗan tsane kafin a sake ba ta ruwa, wadda take rage mitan sosai, take kuma rage kuɗin man injin ban ruwa. Malam, ko da ƙiyasi za ka yi, ka rubuta tan nawa na shanshera kuka saya, ka kuma faɗa ƙarara cewa ƙiyasi ne.

Ɗan Bajoga:

Ina so in ƙara batun doka, domin wannan buƙata ba za ta tsaya a kan banki ba. A taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Glasgow a 2021 Najeriya ta yi alƙawarin daidaita hayaƙinta nan da 2060, wato abin da take fitarwa kada ya wuce abin da ake janyewa daga sararin sama, kuma a Nuwamban shekarar Shugaba Buhari ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta ɗora wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye nauyin ɗaukar matakan rage hayaƙi da naɗa jami'in da zai kula da hakan. Mu da muka tashi kusa da masana'antar siminti ta Ashaka mun san cewa kowace sana'a da inda hayaƙinta yake ɓuya: a siminti, fiye da rabinsa daga dutsen farar ƙasa yake fita idan an gasa shi, ba daga makamashin ba. Ina kuma ba ka shawarar ka rubuta adadi biyu, jimillar shekara da kuma hayaƙin kowane tan na shinkafar da kuka casa, domin idan sabbin injinan suka zo jimillar za ta hau ko da aikinku ya ƙara tsafta.

Akantan Shinkafa, Gombe:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na duba ɗakin ajiya na samu rasit ɗin man gas na wata goma, na sauran wata biyun kuma zan cike su daga littafin mai gadi, inda ake rubuta shigowar tankar mai, tare da bayyana hakan a cikin rahoton. Malama, gobe in Allah ya kai mu zan zauna da mai sayo mana shanshera, mu ware wadda ta fito daga noman rani da wadda ta fito daga na damina.