Musayar Baitoci: Casemiro, Dutse na Uku a Murhun Madrid

Malam Na-Bakin-Kasuwa:
Salamu alaikum jama'a. Yau Casemiro, ɗan ƙwallon Brazil da ya buga wa Real Madrid da Manchester United, zan ɗora a faifai. Sharaɗi: ƙwar huɗu, kowane baiti ya sauka a kan "-wa". Wanda ya karya amsa-amo, shayi a kansa.

A São José dos Campos aka haife shi,
A 1992; yana yaro uba ya sa kai ya bar shi,
Uwa ce ta sha rana ta raine shi,
São Paulo ta gano shi tun yana tasowa.

2013 ya sauka Madrid da sunan aro,
Aka ce, Castilla, ƙungiyar matasan Madrid, tukuna, kai yaro,
Porto ta riƙe shi kaka guda, aro kan aro,
Ya dawo a 2015, ba sauran rainawa.

Murhu dutse uku ne, kowa ya sani,
Modric gwani ne, Kroos shi ma gwani,
To wa ke shan wuta damina da rani?
Mai lamba 14, ƙwacen ƙwallo ba gajiyawa.

Inna 'Yar Barsa:
Malam, a gafarce ni, ka cika zuga,
Gwanin naka aikinsa shuri da buga,
Alƙali na tsaye kamar bai hanga,
Farar riga ke sa kati ya ƙi fitowa.

Da ya koma Ingila asiri ya tonu,
Fabrairun 2023 ya kai wa Will Hughes hannu,
Ya shaƙo wuyan ɗan Palace, ba ko sannu,
Jan kati ya biyo, a Maris aka sake korowa.

Malam Na-Bakin-Kasuwa:
Inna, tunda kin taɓo, bari in tuna miki,
Nuwamban 2015, daren da kuka yi biki,
Koci Benitez ya zaunar da shi a benci ba aiki,
Dutse ɗaya ya fita, 4-0, tukunya na kifewa.

Zidane ya maido shi, kofin Turai 3 a jere,
Wasan ƙarshe a Cardiff, 2017, Juventus ta tsaya ta tare,
Ya narka ta daga nesa, ta gogi Khedira ta tsere,
Buffon na miƙa hannu, ƙwallo na wucewa.

Ƙanin Kowa Na United:
Ni fa ba mawaƙi ba ne, ciwo ne ya sa ni magana. A yi haƙuri da ni.

Baba Malam, kun sha romo kun miƙo mana ƙashi,
Agustan 2022, fam miliyan 60 muka zube a kanshi,
Ɗan shekara 30, ga kuma ɗan karen albashi,
Gwanjo a farashin sabo, ina dabarar sayowa?

Ban ƙi ba, kakar farko ya share mana hawaye,
Shekara 6 ba kofi, sai dai zagaye,
Ya ci Newcastle da ka a Wembley, muka miƙe tsaye,
Daga nan ne fa ƙafa ta soma gazawa.

Mayun 2024 Palace ta yi mana 4, shi ne a baya,
Olise ya wuce shi, ya bar shi kwance a hanya,
Na fice daga gidan kallo ban ko waiwaya,
Har canjina na bari, ban tsaya karɓowa.

Malam Na-Bakin-Kasuwa:
Canjin nawa ne, in biya ka? Saurara.

Ɗana, dutse guda ba ya riƙe tukunya,
Kun jibga masa tsakiya, kun kuma tura shi baya,
Ba Kroos a hagunsa, ba Modric da zai taya,
Tsoho shi kaɗai, yana gudu yana tarewa.

Tambayi Brazil, a Kofin Duniya na Rasha kati 2 suka dakatar da shi,
Beljiyam ta zo, Fernandinho ne a gurbinshi,
Ya ci gida, aka tashi 2-1, kowa na nishi,
Ancelotti na zama kocin Brazil a 2025, sai ga shi yana dawowa.

Inna 'Yar Barsa:
Kofin Turai 5, na ji, ban musa ba,
Wadda ya ci Suwizalan a Katar ma ban manta ba,
Amma Busquets ɗinmu bai dogara da ƙarfi ba,
Da ido yake ƙwatar ƙwallo, ba da shuri ba.

Ƙanin Kowa Na United:
Inna, baitinki a kan "-ba" ya sauka, kowa shaida ne. Shayin yau a kanki. Nawa mai kauri, da burodi da ƙwai biyu.