Wa ya san mai haɗa tirelar jirgin ruwa a Katsina?

Baban Ummi: Salamu alaikum 'yan zaure. Jirgin faiban nan da na ce maku ya iso daga Legas, ƙafa 19, da inji Yamaha Enduro mai doki 40. Tsoho ne, yana son gyara. Ina neman wanda zai haɗa mani tirela in riƙa jan shi zuwa dam ɗin Zobe, da kuma mai fenti.

Ɗan Daura: Ma sha Allah. Allah ya sa alheri, ya tsare.

Ndagi: Bakatsine da jirgin ruwa? Ku da kuka ga kududdufi sai ku nemi gada. Ka kawo shi Bida mu koya maka tukuna.

Baban Ummi: Kai Banufe bawan Katsinawa, ba da kai nike ba.

Injiniya: Alhaji, ka aje maganar fenti. Fara duba allon baya, inda ake ɗaure inji. Faiba ce a waje amma katako ne a ciki, kuma shi ke fara ruɓewa, tunda ruwa na bi ta ramukan kusoshi yana shiga. Ɗauki ƙaramar guduma ka bi shi kana ƙwanƙwasawa. In ka ji ƙara tsaf, lafiya lau. In ka ji buf-buf, ya tafi. Ko ka kama ƙafar injin ka jijjiga, in allon ya motsa kar ka sa shi a ruwa. Injin nan ya haura kilo 70.

Mai Kifi: Injiniya ya yi gaskiya, amma ni tirela ce ta ƙona ni. Na kai ma wani mai walda a nan cikin gari, gwani ne a ƙofa da taga, ya ce ai ba komai ba ce. Ya samo aksil da sifirin na tsohuwar akori-kura ya haɗa, ga fenti yana sheƙi. Ashe ya kai aksil ɗin gaba da yawa, nauyi duk ya koma baya. Ina ɗan ƙara gudu sai tirela ta fara lilo, tana jan gindin mota hagu da dama, da ƙyar na tsaya. Daga baya aka gaya mani wajen kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin ya kamata ya zauna kan mahaɗin mota. Aka yanke aka maida baya, na sake biya. Shi ke nan? Ina! Sai boris. Ka yi tafiya ya ɗau zafi, ka iso ka tura tirela cikin ruwa nan take, sanyin ya sa ya zuƙo ruwa ciki, giris ya koma kamar kunu. A hanyar dawowa taya ta ci wuta, ana gab da magariba, kuma kun san ba hanyar da mutum zai so dare ya same shi ba ce. Ko da na koma wurin mutumin cewa ya yi shi walda ya yi, bai yi boris ba. Yanzu in na isa sai na bari ƙafafun sun huce kafin in sauke, kuma giris na jirgin ruwa nike sawa. Ku sa mai haɗa tirelar ya shimfiɗa katako da kafet inda jirgin zai kwanta, kar faiba ta hau ƙarfe tsirara.

Ɗan Daura: Subhanallahi. Allah ya kiyaye gaba.

Baban Ummi: To Mai Kifi, wa ya gyara maka daga baya?

Oga Bakanike: Kar ka yarda yaran gareji su tada injin a tudu don a ji ƙara. Robar famfon ruwan ba ta minti guda a bushe, ƙonewa take. A sa ƙafar cikin duro cike da ruwa, ka tabbata yana fitsari ta baya. Haɗin fetur da baƙin mai kuma 50 da 1, wato rabin litar baƙin mai a tankin lita 25.

Mai Kifi: Ni ƙarawa nike, tsohon inji ya fi son mai.

Oga Bakanike: Shi ya sa kullum kake wankin fulogi. 25 da 1 na sabon inji ne, ko wanda aka sa ma sabon zobe.

Mai Kifi: Gara fulogi da fistan, Oga.

Oga Bakanike: Kuma na san baƙin man babur kake zubawa. Nemi na injin jirgin ruwa, mai rubutun TC-W3 a jikin galan.

Hajiya Maman Sadiq: Duk kun yi ta inji da taya, ba wanda ya ce rigar ruwa mai hana nutsewa. Alhaji, in da yara za ka, kowa da tashi.

Baban Ummi: An gode Hajiya, guda shida na sayo.

Ɗan Daura: Mi zai kai ka Zobe ma? Ga dam ɗin Sabke nan kusa da mu, ga na Daberam.

Ndagi: Waɗannan ai wurin wankin ƙafa ne.

Ɗan Daura: Admin, a fidda mana Banufen nan.

Injiniya: In allon ya ruɓe, masu faiba na Kano za su iya, sai dai ka tsaya a kansu su sa falankin ruwa, ba na silin ba. Kuma da sassafe za a yi aikin. Zafinmu na sa resin, wato gam ɗin faiba, ya daskare a kwano kafin a gama shafawa.

Baban Ummi: Na ƙwanƙwasa yanzu. Gefen dama buf-buf yake.

Injiniya: To sauke injin tukuna, ka turo hoton ramukan.

Mai Kifi: Baban Ummi, wancan da ya gyara mani ya koma Kaduna, bari in tambayi ƙanen shi.