Neman kalmar Hausa: me za a kira "fork" idan masu kula da manhaja sun raba gari?

Mai buɗe zance, Pantami, Gombe:
Assalamu alaikum. Muna fassara wani ɗan jagora domin ɗaliban da ke son shiga aikin manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda lasisinsu ya halatta wa kowa ya karanta rubutunsu, ya gyara shi, ya kuma rarraba shi. Mun iso babin da ke bayanin saɓani tsakanin masu kula da manhaja, sai kalmar "fork" ta zame mana ƙarfen ƙafa. Abin da ake nufi da ita shi ne wasu su kwashi rubutun manhaja gaba ɗayansa tare da tarihinsa, su koma gefe, su ci gaba da aiki da sabon suna da sabon shugabanci, kamar yadda aka yi a 2010, bayan da Oracle ya sayi kamfanin Sun, lokacin da masu aikin OpenOffice da dama suka kafa LibreOffice. Ba za mu iya amfani da "reshe" ba, domin mun riga mun ba da ita ga rassan da ake buɗewa a cikin Git, wato manhajar da ke adana tarihin canje-canjen da ake yi wa rubutun manhaja. Ni dai "ɓallewa" ce ta fi kwanta mini, amma ina neman shawarar malamai kafin mu buga.

Malamar Hausa, Yelwa, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ina da ja a kan "ɓallewa". Bahaushe ba ya jin wannan kalma sai ya tuna da 'yan a-ware, ko 'yan siyasar da suka fice daga jam'iyya cikin fushi, kuma da zarar an ce wane ya ɓalle, an riga an nuna wanda ke kan asali da wanda ya bijire. Idan jagoran naku zai koya wa matasa yadda ake warware rikici, bai dace kalmar da ke kan babin ta yanke hukunci tun kafin a saurari ɓangarorin biyu ba.

Mai rubuta manhaja, Jekadafari, Gombe:
Malama ta yi gaskiya, kuma tarihin fannin nan yana bayanta. A farkon 2011 masu aikin wata manhaja mai suna Hudson suka samu saɓani da Oracle a kan mallakar sunan, suka kaɗa ƙuri'a, suka koma Jenkins, kuma Kohsuke Kawaguchi, wanda ya ƙirƙiri manhajar tun farko, ya bi su. Oracle ya riƙe tsohon suna, ya ci gaba da nasa aikin, kowane ɓangare yana ganin ɗayan ne ya rabu. To, wa za a ce ya ɓalle, wanda ya tafi da mutane ko wanda ya zauna da suna? Kafin wannan ma, a 1997 wasu suka gaji da jinkirin karɓar gyare-gyare a GCC, manhajar da ke mai da rubutun manhaja abin da kwamfuta za ta iya aiwatarwa, suka kafa tasu mai suna EGCS, sai ga shi a 1999 an ɗauki EGCS ɗin an mai da shi GCC na hukuma. Da mun kira su 'yan ɓallewa, da sai mu janye kalmar bayan shekara 2.

Akwai wani abu kuma da ya kamata masu fassara su lura da shi. Tun da GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhajoji, ya fito a 2008 da maɓalli mai suna "fork", kalmar ta samu ma'ana ta biyu wadda babu rigima a cikinta ko kaɗan. Ɗalibin da ke son gyara kuskure guda a wata manhaja yana danna maɓallin ne ya samu nasa kwafin, ya yi gyaransa, sannan ya roƙi masu kula su karɓa. Wannan shi ne aikin yau da kullum, kuma ba zai yi kyau mu ce wa yaro matakin farko na taimako shi ne ya ɓalle ba.

Sannan a rabuwa irin wannan, ba rubutun manhaja ake rabawa ba, domin kowane ɓangare yana tafiya da shi cikakke. Abin da ake ja-in-ja a kansa shi ne suna, da adireshin intanet, da izinin shigar da gyara a rumbun asali, da kuma amincewar masu amfani. Saboda haka duk kalmar da ke nuna an yanka abu biyu, irin su "tsagi" ko "rabon gado", ba ta faɗi gaskiyar lamarin ba.

Tsohon mai fassara, Bolari, Gombe:
Allah ya yi muku albarka. Bayanin da yaron nan ya yi ya sauƙaƙa aikin, domin ya nuna cewa muna neman kalmar da ke ɗauke da abu uku: an ɗauko daga wani wuri, na asalin bai ragu ba, kuma sabon yana iya rayuwa da kansa ko ya mutu. Ni ina ba da shawarar "dashe". Ba dashen albasa ko tumatir nake nufi ba, inda ake tuge tsiron a mai da shi wani fage, a'a, dashen rogo da rake nake nufi, inda ake yanko kara a binne, ya fito iri ɗaya da uwarsa, sannan daga baya ƙasa da ruwa da hannun manomi su bambanta su. Kalmar ba ta zargin kowa, tana da aikatau mai sauƙin sarrafawa, kuma tana karɓar jam'i. Za a iya cewa MariaDB dashen MySQL ce, Michael Widenius ne ya dasa ta a 2009, kuma babu Bahaushen da zai nemi ƙarin bayani a kan wace ce ta fito daga wace. Za a iya cewa ɗalibi ya yi dashe, ya gyara, ya miƙa. Ta kuma ba mu kalmar da za mu kira aikin asali da ita ba tare da wahala ba, wato "uwa".

Malamar Hausa, Yelwa, Bauchi:
Baba, Allah ya ƙara girma, kalmar ta yi daɗin ji, sai dai ina da tambaya guda. Rogon da aka dasa ba ya komawa jikin uwarsa, alhali an ce wasu daga cikin waɗannan manhajoji suna sake haɗewa.

Mai rubuta manhaja, Jekadafari, Gombe:
Haka ne, Malama. A ƙarshen 2014 aka kafa io.js saboda rashin jin daɗin yadda kamfanin Joyent ke tafiyar da Node.js, aka sasanta a 2015 bisa sharaɗin a miƙa aikin ga gidauniya mai kwamitin fasaha, kuma fitowar Node.js 4 a watan Satumba na shekarar ta haɗa su wuri guda. Amma a ganina wannan bai rushe shawarar Baba ba, domin "reshe" ma da muka karɓa, reshen itace ba ya komawa cikin kututture, amma muna cewa an haɗe rassa ba tare da kowa ya ruɗe ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sulhun ya yiwu ne domin masu dashen sun bar ƙofa a buɗe: sun canza suna, sun riƙe lasisi da sunayen marubutan asali, sun kuma bayyana ƙorafinsu a fili a kan tsarin shugabanci, ba a kan mutuncin wani ba. Ina roƙon a sa waɗannan sharuɗɗa a babin. A kuma ambaci cewa ba kowane rikici ne ke kaiwa ga dashe ba, domin da Guido van Rossum ya sauka daga jagorancin Python, harshen rubuta manhaja da ya ƙirƙira, a 2018, sai aka zaɓi majalisar mutum 5, aikin ya ci gaba a wuri guda.

Mai buɗe zance, Pantami, Gombe:
Na gode ƙwarai, na kuma janye "ɓallewa" daga kan babin. Za mu yi amfani da "dashe" ga manhajar kanta a ma'anonin biyu, inda ake buƙatar bambancewa kuma mu ce "dashen aiki" ga na ɗalibi, "dashen rabuwa" ga wanda ya tafi da sabon suna, irin Valkey da aka dasa daga Redis a 2024 bayan sauya lasisi. "Raba gari" za ta zauna domin bayyana abin da ya faru tsakanin mutanen. Ga waɗanda ke karɓar gyara ko su ƙi, na so in ce "masu riƙo", amma tana tuna wa mutane riƙon ƙwarya, don haka za mu tsaya a kan "masu kula". Abin da ya rage shi ne kalmar "uwa": ban san yadda za mu yi da ita ba idan dashe ya fi asalinsa bunƙasa har shi ake ɗauko gyara daga gare shi. Baba, idan akwai abin da za a ƙara a kan wannan, muna saurare kafin ranar Asabar, domin a ranar za mu miƙa babin ga mai dubawa.